Idon Hagu na Baban 'Yan Biyu

Ban taɓa son dambe ba, ko a shekarun da yake ciyar da mu. Ɗan dambe dai na aura, na kuma zauna da shi har mutuwa ta raba mu.

Na fara ganinsa ne a bikin samun 'yancin kai. Ina sabuwar malamar firamare a lokacin, ba a daɗe da turo ni Gombe daga ƙauyenmu na ƙasar Tangale ba. An kafa dandamalin katako a filin makaranta, aka zagaye shi da igiya, aka ce ma'aikatan gidan gurzar auduga za su nuna damben zamani, irin na safar hannu. Mu malamai aikinmu mu tsare yara a layi. Shi ne ya hau daga ƙarshe, dogo, siriri, hannuwansa kamar sun yi masa yawa. Abokin karawarsa ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, amma bai ga ƙarshen turmi na biyu a tsaye ba.

Da aka watse na zagaya bayan aji neman wata yarinya, sai na tarar da shi a durƙushe yana amai. Na ɗebo masa ruwa a randar makaranta. Ya wanke baki, ya ɗago kai yana murmushin kunya.

"Malama, kada ki faɗa wa kowa. Haka nake yi duk ranar da na bugi mutum."

Tun daga ranar Malama yake kirana, har ƙarshen rayuwarsa. Shi mutumin Waja ne, ba ya jin yarenmu, ni ma ba na jin nasu, saboda haka da Hausa muka yi zance, da ita muka yi aure a majami'a, da ita kuma muka yi duk faɗan da muka yi. Babana bai so auren ba. Ya ce bai ga sana'a a wurin mutumin da sai an fasa masa baki kafin ya ci abinci ba. Amma bai hana ni ba.

Wanda ya koya masa dambe wani tsohon soja ne, Musulmi, mutumin Tera, wanda ya koyo wasan a bariki lokacin da aka kai su yaƙi ƙasar waje. Kowa Koci yake ce masa. A bayan gidan gurza yake tara samari, ya rataye buhun yashi a reshen tsamiya. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa jin ya yaba wa mijina a gabansa ba.

Kambun lardi ya fara ci, a Bauci. Daga nan ya ajiye ɗaukar buhunan auduga, dambe ya zama aikinsa. Da jirgin ƙasa ya iso Gombe, shi ya riƙa ɗaukarsu shi da Koci zuwa Jos da Kaduna. A Kaduna ya ci kambun Arewa, bayan ya kayar da wani ɗan sanda da aka ce ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ranar da ya dawo, tasha ta cika. Mutanen da ba su san ƙofar gidanmu ba suka ɗauke shi a kafaɗa tun daga bakin jirgi.

Abin da suka sauke mini a tsakar gida daban ne. Leɓensa ya kumbura har ba ya iya rufe baki. Na yi kwanaki ina dama masa kunu, don ba ya iya tauna. Ina gasa masa haƙarƙari da ruwan zafi yana cije tsumma. Da safe in na je zubar da fo sai in ga fitsarin ja. A watannin nan na haifi 'yan biyu, mace da namiji, ya zama ina da masu jinya uku a ɗaki ɗaya. Tun daga nan unguwa ta koma kiransa Baban 'Yan Biyu, ni ma na bi su.

Sai yaƙi ya zo. Abokan wasansa da yawa mutanen kudu ne, suka kwashe iyalansu suka tafi, wasu ba mu sake jin labarinsu ba. Aka daina shirya dambe. Ya koma dako a tasha, yana dawowa da yamma a gajiye, fuskarsa lafiya lau. Ƙasa na cikin masifa, amma ni a gidana su ne shekarun da na fi samun barci. Shi kuwa yana ganin ƙarfinsa na tafiya a banza. Kullum da asuba sai ya fita gudu ta hanyar Dukku, ba don kowa ya sa shi ba.

Bayan yaƙi aka kira shi Legas neman kambun ƙasa. A lokacin ya wuce shekarun da 'yan dambe ke tashe. Ba mu da rediyo, sai na shiga gidan maƙwabciyarmu, wata Bafulatana matar dillalin shanu, wadda muke ce wa Dada. Mata sun cika tsakar gidan. Da Turanci ake sharhin, ni kaɗai ke ji, don haka ni aka sa in fassara. Na zauna kusa da rediyon ina faɗa musu an buge shi a ciki, ya rama, an matse shi a jikin igiya, ya fita. Dada na riƙe da hannuna tana ta addu'a da Fulatanci. Can wajen tsakiyar wasan mai sharhi ya ce idonsa na hagu ya rufe gaba ɗaya, jini na zuba. Wannan ban fassara ba. Aka kai ƙarshe duka biyu suna tsaye, alƙalai suka ba mijina nasara. Mata suka ɗauki guɗa. Na tashi na koma gida na ɗora ruwan wankan yara.

Ya dawo da ɗamarar kambun, mai faɗi, mai nauyi, da hotonsa a jarida. Kumburin idon ya saɓe cikin makonni kaɗan, in ka kalle shi ba za ka ga komai ba. Amma ni da nake zaune da shi na fara lura. Zai zuba ruwa a kofi ya zuba a tabarma. Kafaɗarsa ta hagu kullum tana bugun bakin ƙofa. Wata rana da la'asar yana zaune yana gyaran takalmi, 'yarmu ta rugo ta gefen hagunsa za ta faɗa jikinsa. Bai gan ta ba sai da ta taɓa shi, ya zabura, hannunsa ya fita da kansa. Yarinya ta faɗi can gefe, haƙorinta ɗaya ya fita.

Da na lallashe ta ta yi barci, na dawo na tsaya a gabansa. Na rufe masa idon dama da tafin hannuna.

"Baban 'Yan Biyu, me nake riƙe da shi?"

Ya kama hannuna ya sauke a hankali.

"Tun Legas ne," ya ce. "Kamar an sako baƙin labule daga sama. Na ɗauka zai ɗage."

"Koci ya sani?"

"Ya sani."

"To sai ka ajiye."

"In ajiye in yi me, Malama? In koma dako da kambun ƙasa a ɗaki?"

Na ce masa albashina zai riƙe mu. Ya ce bai auro ni don in ciyar da shi ba. Na yi kuka, na kira masa fasto, na aika wa yayansa a ƙauye. Duk suka yi magana ba tare da sun san ainihin dalili ba, don ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Koci ya sauya masa tsayuwa, ya koya masa karkata kai yadda idon dama zai riƙa ganin abin da ke zuwa. A haka mijina ya kare kambun a Jos, ya sake karewa a Kano. Duka biyun ya ci, amma gefen fuskarsa na hagu ne ya biya. Bayan na Kano ya daina ji sosai da kunnen wannan gefen.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Mutanen da muka sani da keke suka wayi gari da marsandi. Akwai wani ɗan kwangila da ya samu aikin hanya, ya gina otal, yana son a san shi. Shi ya ce zai kawo damben kambun ƙasa Gombe, abin da ba a taɓa yi ba, a ga zakara a garinsa. Wanda za a kawo wani saurayi ne soja daga kudu, an ce hannunsa na dama kamar taɓarya.

Koci ya ƙi. Ya ce wa mijina wannan yaron ba irin na baya ba ne, kuma hannun da ya fi ƙarfi a jikinsa daidai gefen da ba ya gani zai riƙa sauka. Suka yi sa-in-sa, abin da ba su taɓa yi ba. Ɗan kwangila ya kawo wa mijina wani mai horarwa daga Kaduna. Ana saura 'yan kwanaki Koci ya zo makaranta, ya sa aka kira ni daga aji. Ya tsaya a inuwar bango yana jujjuya hularsa a hannu.

"Malama, ni na yi iyakata. Ya kore ni."

"Me zan yi, Baba?"

"Ban ce ki yi komai ba. Na dai ji an ce masu shirya wasan za su zo da likita, kuma doka ta ce sai ya duba su kafin su hau."

Ya sa hularsa ya tafi.

Na kwana biyu ina tunani. Ranar da baƙin suka sauka, na tashi daga makaranta na wuce gidan saukar baƙi da kayan aikina a jiki. Likitan matashi ne, mai fara'a, ya ba ni kujera. Na faɗa masa ko ni wace ce, na faɗa masa mijina ba ya gani da idon hagu tun damben Legas. Ya saurare ni har na gama. Ya ce na kyauta da na zo, zai duba da kyau, in kwantar da hankalina. Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya.

Washegari aka yi awon nauyi a otal. An ce likitan ya haska wa mijina tocila a ido, ya dafa kafaɗarsa, ya sa hannu a takarda. Da yamma mijina ya shigo gida. Bai zauna ba.

"Ke kika je wurin likita?"

"Ni na je."

"Da bakinki kika faɗa."

"Da bakina. Kuma da zan samu wanda ya fi shi, da na je."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai buge ni, ko da yake bai taɓa yi ba. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauki jakarsa da ɗamarar.

"Alhaji ne ya faɗa mini," ya ce, yana nufin ɗan kwangilar. "A gaban mutane, yana dariya. Yaran sojan nan suna wurin."

Ya fita. A otal ya kwana.

A gidan silima aka yi damben, irin wanda ba shi da rufi, bayan magariba. Shi ne karo na biyu kuma na ƙarshe da na kalle shi a kan dandamali. Na bar yara wurin Dada na sayi tikiti kamar kowa, na zauna can baya. Mutane har kan katanga. Da ya fito aka yi ta kiransa da kirari, maroƙa na bin sa da kalangu, manyan gari na zaune a gaba cikin manyan riguna.

Tun turmin farko na gane. Sojan bai tsaya gabansa ba ko sau ɗaya. Zagayawa yake yi, kullum zuwa hagun mijina, ya ɓace masa, sannan ya sako hannun dama. Mijina na juyawa yana nemansa kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Duk da haka ya same shi sau da yawa, har ya fasa masa hanci, jama'a suka miƙe tsaye. Amma kan kowane naushi ɗaya da ya kai, sai ya karɓi uku da bai ga tahowarsu ba. Ina jin ƙararsu daga inda nake, kamar ana bugun jiƙaƙƙen tufafi a kan dutse.

Ya faɗi, ya tashi. Ya sake faɗuwa, ya kama igiya ya tashi. Idon daman ma ya fara kumbura. Rafali ya dube shi, ya dubi layin gaba, ya ce a ci gaba. Mai horarwar da aka kawo daga Kaduna yana tsaye da tawul a kafaɗa bai motsa ba. Ni na kasa tashi, na kasa ihu. Na ƙanƙame bencin da nake kai.

Sai na hango wani tsoho yana kutsawa cikin mutane. Koci ne, shi ma tikiti ya saya. Ya kama igiya ya hau da babbar rigarsa, ya shiga tsakaninsu ya juya wa sojan baya, ya rungume mijina. Sojan ya sauke hannu. 'Yan sanda suka hau suna jan tsohon, jama'a na jifa da ɓawon rake da kwalabe, amma damben ya ƙare a nan. Aka ɗaga hannun sojan. Mijina yana tsaye a jikin Koci yana tambaya, kamar yadda aka faɗa mini daga baya, wai wa ya kashe fitila.

Ya kwanta a asibiti a nan, daga baya muka kai shi Kano wurin masu aikin ido. Suka ce na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama suka yi abin da za su iya, ya dawo yana bambance haske da duhu, yana ganin mutum kamar inuwa. Ɗan kwangilar ya zo dubiya sau ɗaya da lemu, bai sake zuwa ba. Ba da daɗewa ba muka ji ya kafa ƙungiyar ƙwallo.

Gari ya yanke hukuncinsa. Matarsa ce ta sayar da shi. A kasuwa in na tsaya gaban mai tumatir sai hira ta mutu. Yaran makarantar da nake koyarwa suka ƙirƙiro waƙa, suna yi in na juya baya ina rubutu a allo. An jefi kwanon gidanmu da duwatsu ba sau ɗaya ba. Ko a majami'a akwai matan da suka daina zama kusa da ni. Dada ce kaɗai ta ci gaba da shigowa kamar babu abin da ya faru, ta kawo fura, ta zauna ta taya ni tsintar shinkafa.

Ko maganata ce ta kai wa sojan labari, ko dama masu horar da shi sun lura tun damben Kano, ban sani ba, kuma ba wanda zai iya faɗa mini. Abin da na sani shi ne, in aka mayar da ni wannan ranar, zan sake zuwa wurin likitan.

Shi kuwa ya daina yi mini magana. Yana cin abin da na dafa, yana barin in kama hannunsa in kai shi bayan gida, in ɗiga masa magani a ido. Amma in yana son abu sai ya kira ɗaya daga cikin 'yan biyun, ya ce ku faɗa wa mamanku. Damina ta wuce, wata ta zo. Muka bar cikin gari muka koma Nasarawo, lokacin gonaki ne kawai da gidaje jefi-jefi, inda ba kowa ya san mu ba. Mijin Dada ya kawo masa rama, ya ce yana buƙatar igiyar ɗaure shanu. Ya koyi tufka da lalube. Hannuwan nan suka saba, igiyarsa ta yi suna a kara, kasuwar shanu. Yini yake a gindin bango yana murzawa a cinya.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi a wurin. Na wuce zan shiga ɗaki.

"Malama."

Na tsaya da jakata a hannu.

"Likitan nan, me ya ce miki?"

"Ya ce na kyauta da na zo. Ya ce in kwantar da hankalina."

Ya ci gaba da murza igiyar na ɗan lokaci.

"Ni kuma ya ce na fi shi lafiya."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nema ba. Amma daga ranar ya koma tambayata abin da za a dafa, da yadda yara ke karatu. Da Koci ya rasu, ni na ja shi zuwa gidan gaisuwa. Ya zauna a tabarma cikin maza har aka yi magariba.

Shekarun ƙarshe sun fi wuya. Maganarsa ta fara nauyi kamar mai abu a baki. Hannuwansa suka kama rawa har tufka ta gagara. Daga baya ya fara mantuwa. Zai ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Zai tashi da rana tsaka ya ce a kawo masa jakarsa jirgi zai tashi. Ɗanmu, wanda ya girma ya fi shi tsayi, shi ke riƙe shi in ya fara kai naushi a iska. Akwai ranar da ya tambaye ni ko ni ma'aikaciyar asibiti ce, na ce masa e, don ya yarda ya sha magani.

Ya rasu da sanyin safiya a ƙarshen damina, yara na shirin gama sakandare. Waɗanda suka raka shi makabarta ba su cika mota biyu ba: 'yan majami'a, 'yan'uwansa daga ƙauye, mijin Dada, da wasu tsofaffin 'yan dako daga tasha. Jarida ba ta rubuta ba.

Bayan wasu shekaru wani tsohon soja da ya zo aikin gadi a makarantarmu ya ba ni labarin yaron da ya karɓe kambun. Ya ce bai daɗe da shi ba, wani ya ƙwace a Ibadan, kuma ganinsa na ƙarshe da shi a wata tashar mota ne, yana wanke motoci, ba ya iya haɗa magana. Na tambaye shi ko yana da mata. Ya ce bai sani ba.